Allon sulu a Zariya: kantin kayan wasa, shagon Legas, intanet ko gwanjo?

Ɗan ƙanwata da ke Tudun Wada shekararsa 13, kuma tun ranar da ya ga wata yarinya 'yar Japan a wayar uwarsa tana gangarowa ta kan ƙarfen matakala bisa wani ɗan falanki mai taya huɗu, bai sake barin kowa ya sarara a gidan ba. Yarinyar ita ce Momiji Nishiya, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ita ma tana da shekara 13 a lokacin, kuma karo na farko ke nan da aka shigar da wasan cikin gasar. Da uwarsa ta gaji da naci sai ta turo mini shi. "Yaya, kai ka saba ɗaure masa gindi, sai ka san yadda za ka yi da shi."

Ya zo ya durƙusa har ƙasa, gaisuwar da ban saba samu daga wurinsa ba sai ranar sallah. "Kawu, sikeitbod nake so."

Sunan ma sai da ya ba ni wahala. Shagon farko da na shiga, harshena ya zame na ce siket nake nema, mai shagon ya dube ni sama da ƙasa ya nuna mini layin masu kayan mata. Tun daga nan na koma ce masa allon sulu, kuma da shi zan ci gaba a nan.

Na zaga Sabon Gari, na leƙa PZ, na shiga Samaru, ban ga shagon da wannan ce sana'arsa ba. Abin da na samu shi ne wani kantin kayan wasan yara, inda aka rataye allon tsakanin motocin roba da ƙwallaye. Ja ne, yana ƙyalli, an zana masa wuta a ciki. Na biya ina murnar na rabu da magana cikin sauƙi. Kwana tara ya yi.

Tun ranar farko na ga alama. Yaron ya ɗora ƙafa ya tura a kan simintin tsakar gida, allon ya yi taku uku ya cije kamar an taka masa burki. Ya karkata jikinsa dama don ya juya, allon ya miƙe abinsa ya nufi randa. Samansa fenti ne mai santsi, takalmi ba ya kama shi. A rana ta tara ya sauko daga dakalin ƙofar gida, tsayin da bai kai kamu ɗaya ba, sai ƙas! Abin da ke riƙe da tayoyin gaba ya tsage biyu, ashe roba ce aka shafa wa fenti ruwan azurfa. Ya ɗaye gwiwar hannu, uwarsa ta kira ni ta yi mini faɗan da ba a yi wa babban wa. Araha ba ta ado, na sani tun ina yaro, amma sai da na sake biyan kuɗin makarantar.

Bayan wannan ne na zauna na koyi abin, na kuma gwada sauran hanyoyi ukun: shagon 'yan wasan, intanet da gwanjo. Kafin a kwatanta su, sai an san me ake saya, domin allon sulu ba abu ɗaya ba ne, tarin abubuwa ne da ake haɗawa kamar keke.

Falankin na ƙwarai siraran katako bakwai ne na wata bishiya mai tauri da ake kira mapul, wadda ke fitowa a Kanada da arewacin Amurka. Ana shafa musu gam, a jera su wasu a miƙe wasu a gicciye, a matse a injin har su ɗauki lanƙwasar nan ta hanci da wutsiya. Wannan matsewar ce ke sa falankin ya yi tsalle in an buga wutsiyarsa a ƙasa. Faɗinsa da inci ake aunawa, yawanci daga 7.5 zuwa 8.5. Samansa ana manna wata baƙar takarda mai kaushi kamar sanfefa don ta kama takalmi. A ƙasa akwai ƙafafun ƙarfe biyu, 'yan wasan suna ce musu tirok, kowace da aksil da babbar ƙusar tsakiya da bushin roba biyu. Bushin nan su ne sitiyarin allon, su ke lotsawa in ka karkata. Sai taya huɗu na wata roba mai suna yuritan, kowace taya da boris biyu, takwas ke nan. Sai ƙusoshi takwas da notocinsu masu haɗa ƙafa da falanki.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san rabin wannan bayani ba tare da an faɗa masa ba. Mu ma mun yi motar boris: falankin kafinta, tsofaffin boris daga garejin makanikai, ƙusa da dutsen bugawa, sai gangare. Su ma can haka suka faro. A Kalifoniya, cikin shekarun 1950, masu hawan igiyar teku ne suka riƙa ɓalle tayoyin takalmin taya suna kafawa a katako, don su sami abin yi ranar da teku ya kwanta. Tayoyin ƙarfe ne, daga baya na wani haɗi mai tauri kamar yumɓu, tsakuwa ɗaya ta isa ta kifar da mutum. Sai a farkon shekarun 1970 wani mai suna Frank Nasworthy ya fito da tayar yuritan da sunan Cadillac, wasan ya farfaɗo bayan ya kusa mutuwa. Allon kantin kayan wasa, da tayarsa ta busasshiyar roba mai ƙwaram-ƙwaram, yana mayar da yaro zamanin da ba a yi wannan gyara ba.

Don haka hukuncina a kansa gajere ne. In yaron ɗan shekara huɗu ne ko biyar, zama zai yi a kai yayyensa su tura shi a tsakar gida, to babu laifi. In zai tsaya a kai da ƙafafunsa, kada ka saya. Ba ɓarnar kuɗin ce ta fi damuna ba. Yaron da ya fara da allon da ba ya tafiya kuma ba ya juyawa, ɗauka zai yi shi ne bai iya ba, ya haƙura da wasan gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce shagon da 'yan wasan suka buɗe da kansu, kuma a nan zan daɗe, domin sai da na yi hulɗa da irinsa na gane ba kanti ba ne kawai.

A tarihin wasan, shago ne ke haifar da 'yan wasa kafin 'yan wasa su cika shago. Val Surf da ke North Hollywood an buɗe shi a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana cikin shagunan farko da suka fara sayar da allon a matsayin haja ta gaske. Bayansa aka yi shagon Zephyr a yankin Santa Monica, na Jeff Ho da Skip Engblom da Craig Stecyk. Yaran unguwa ne ke taruwa a wurin, galibinsu 'ya'yan marasa ƙarfi, masu shagon suka haɗa su ƙungiya, suka kai su gasar Del Mar a 1975. Salon da yaran nan suka zo da shi, na duƙawa ƙasa-ƙasa da zafin nama, shi ya sauya fasalin wasan. Cikinsu aka sami Tony Alva da Jay Adams da Stacy Peralta, da mace ɗaya, Peggy Oki. A Landan akwai Slam City Skates tun 1986. Supreme ɗin nan da samarinmu ke yawo da jan tambarinsa a ƙirji, da yawansu ba su san shagon allon sulu ba ne James Jebbia ya buɗe a titin Lafayette na birnin New York a 1994. A 2020 aka sayar da kamfanin a kan dala biliyan 2.1.

In kana son ka gane aikin irin wannan shago, kada ka tuna babban kanti mai kwandon turawa. Tuna rumfar mai gyaran keke ta unguwarku, ko teburin mai shayi bayan isha'i. Akwai benci, akwai talabijin da ke nuna bidiyon 'yan wasa, akwai waɗanda suka zo tun hantsi ba su sayi ko noti ba kuma ba mai korarsu. Mai shagon shi ke manna maka baƙar takardar ya yanke gefenta da reza, shi ke ɗaura ƙafafun. Ya san inda siminti mai kyau yake a garin da inda maigadi ke kora. Yaron da ya fara ƙwarewa, shagon ne ke fara ɗaukar nauyinsa da ragin farashi ko falanki kyauta, daga nan kamfanoni su ji labarinsa. Shagon ne ke haɗa bidiyon 'yan garin, ya shirya gasa, ya je gaban hukuma neman fili. Yawancinsu suna da kwalin tsofaffin tayoyi da ƙafafu da manya suka cire, wanda ba shi da hali ya zo ya tsinta. Kuma ribar falanki ba ta taka kara ta karya ba. Takalma da riguna ne ke biyan kuɗin haya. Shi ya sa a wurinsu sayen kaya a shagon unguwa ya zama kamar biyan kuɗin ƙungiya.

A Najeriya, WAFFLESNCREAM na Jomi Marcus-Bello shi aka sani da shagon farko. Ya fara a matsayin taron abokai da tambarin sutura a 2012, ya buɗe shago a Legas a 2017, kuma kusan duk abin da ake kira harkar allon sulu a Legas ta wurinsa ta bi. A Gana ƙungiyar Surf Ghana ta Sandy Alibo ta buɗe filin Freedom a Akara a ƙarshen 2021, da tallafin fitaccen mai zanen sutura, marigayi Virgil Abloh. A Kampala matasan unguwar Kitintale da hannunsu suka kwaɓa siminti suka gina nasu filin. Ko'ina ka duba, sai an sami wurin taruwa tukuna kafin wasan ya kafu.

To ni da nake Zariya, me zan samu daga shagon da ke Legas? Ba zan zauna a bencinsa ba. Amma ilimin yana bin waya. Da na tura saƙo wani shagon can na ce ina son allo, ban sami farashi nan take ba, tambayoyi na samu. Shekarar yaron nawa? Lambar takalminsa? Ya taɓa hawa? A ina zai riƙa hawa, kwalta ko siminti ko intalok? Na fita ƙofar gida na ɗauki hoton titin layinmu na tura, da tsakuwarsa da ramukansa. Amsar ta zo cewa kada in kuskura in ɗauki taya mai tauri, a sa masa mai laushi, falanki inci 7.75, kuma kada in matse ƙusar tsakiya da yawa tunda yaron ba shi da nauyi. Wannan 'yar hirar ta minti goma ita ce abin da kuɗina ya saya, fiye da katakon. Mai kantin kayan wasa bai tambaye ni komai ba sai launin da nake so.

Akwai kuma dabarar rage kuɗi da sai a irin shagon ake samu. Falanki mai sunan fitaccen ɗan wasa a Amurka yana kai dala 60 zuwa 70 shi kaɗai, ba ƙafa ba taya. Amma shaguna suna buga nasu falankin da tambarinsu, ko su sayar da marar zane, katako iri ɗaya a farashi mai sauƙi. Ga mai koyo kuma akwai haɗaɗɗe, wanda aka riga aka ɗaura komai, ya fi sayen ɗaya-ɗaya araha nesa ba kusa ba. Zanen da ake biyan kuɗi dominsa a ƙasan allon yake, sati biyu ya ishe shi gogewa.

Aibin wannan hanya a fili yake. Tsada ta farko: komai daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, abin da aka faɗa maka yau ba lalle ya kai jibi ba, shi ya sa ban rubuta adadin naira a nan ba. Sai kuɗin mota daga Legas, da jiran kiran direba, da zuwa tasha a Kwangila kana laluben kwalinka cikin buhuna. Sai ƙarancin zaɓi, domin shago ɗaya ba ya ajiye komai; girman da kake so yana iya ƙarewa ka jira sabon kaya. In wani abu bai yi ba, mayarwa wata tafiyar ce. Duk da haka akwai wanda za ka kira, kuma mutumin yana da sunan da yake karewa a cikin jama'ar da kowa ya san kowa.

Hanya ta uku, manyan kasuwannin intanet da masu talla a Instagram da WhatsApp, cinikin biri a sama ne in ba ka san abin ba. Hoton allon kirki da na banza iri ɗaya ne a waya. Za a rubuta maka katako bakwai, ba a ce na wace bishiya ba. Za a rubuta ABEC 9 ko 11 da manyan baƙaƙe don ka ɗauka gudu ne, alhali wannan ma'auni ne na daidaiton boris a injinan masana'anta, bai ce komai game da ƙura ko duka ba. Kamfanin Bones, wanda boris ɗinsa ya fi shahara a wurin 'yan wasan, ba ya ma amfani da shi. Akwai kuma jabu: ƙafafu masu tambarin Independent ko Thunder a farashin da ko rabin na gaske bai kai ba. Ni na taɓa yin odar taya daga wani mai talla, hoton ya nuna masu laushi, abin da ya iso kuwa in ka jefa shi a siminti ƙara yake kamar ƙwallon goruba. Na koma neman mutumin, lambar ta daina shiga.

Ban ce a guje ta ɗungurungum ba. Intanet tana da amfani ga wanda ya riga ya san lambobinsa, yana neman ƙaramin abu: bushin, ƙusoshi, baƙar takarda, sifanar allo mai kai uku. In za ka sayi babba, nemi a ɗauko maka bidiyon kayan a hannu, a juya gefen falankin ka ƙirga layukan katakon, a murza tayar ka ga tsawon juyawarta, a ƙwanƙwasa ƙafar da makulli ka ji ƙarar ƙarfe. Wanda ya ƙi, ka san dalili. In akwai damar biya bayan kaya sun iso, ɗauke ta.

Gwanjo kuwa sa'a ce. Wani lokaci allo yakan faɗo cikin kayan da ake kwancewa tare da kekunan yara da takalman taya, a nan Sabon Gari ko Kasuwar Barci a Kaduna ko Ƙofar Wambai a Kano. Ba za ka tashi da niyyar samu ka samu ba, sai dai ka bar sallahu wurin dillali. Amma in ka dace, da tsohuwar zuma ake magani, musamman ƙafafun. Tirok na gaske yana shekaru yana aiki, ya cinye falanki biyar ko fiye yana nan. Duba sunan da aka zuba a jikin ƙarfen, duba ko aksil ya lanƙwashe ta hanyar murza tayar ka ga ko tana rawa, duba tsagewa a gindin da ƙusoshi ke shiga. Falankin gwanjo shi ne abin tsoro. Riƙe shi a hanci ka buga wutsiyarsa a ƙasa: mai rai yana ba da ƙara tsantsa, tas, wanda ruwa ya taɓa shiga kuwa sai ka ji dum kamar an buga jiƙaƙƙen kwali. In wutsiyar ta cinye ta yi kaifi kamar bakin wuƙa, ko layukan katakon sun fara rabuwa, to ka yi cinikin ƙafafu kawai, ka ɗauki falankin a matsayin gyara. Mai gwanjo galibi bai bambance allon gaske da na wasan yara, kuɗi ɗaya yake sa musu, kuma wannan rashin sanin nasa ribar mai ido ce.

Wani abokina kafinta a Muciya ya ce in kawo masa hoto ya yanka mini a filawud. Ya yanka kuwa, ya yi kyau a ido. Sai dai shimfiɗaɗɗe ne ba lanƙwasa, ga nauyi, ba ya tashi. Don gangarawa kawai ya wadatar in an ɗaura masa ƙafafun kirki. Tsallen nan da ake kira oli, wanda Alan Gelfand ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970, Rodney Mullen kuma ya sauko da shi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda kusan kowace dabara a kansa aka gina ta, ba ya yiwuwa sai da wutsiya mai lanƙwasa da katako mai maido da duka.

Ko ta wace hanya ka bi, ƙasar Zariya ce za ta yanke hukunci, kuma a kan taya take yanke shi. Ana auna girman taya da milimita, taurinta kuma da lamba mai harafin A. Waɗanda ake gani a bidiyo suna hawa 52 zuwa 54, tauri 99A ko sama, domin filayensu sumul suke kamar faranti. Ɗora wannan a kwaltar layukanmu, haƙoranka za su riƙa kaɗawa, tsakuwa kamar ƙwayar masara ta tsayar da allon cak kai ka wuce. Abin da ya dace da mu shi ne 78A zuwa 87A, girma 54 zuwa 58. Tana haɗiye kaushin hanya, tana hawa kan ƙananan tsakuwa, ba ta da ƙara. Ladanta da hasararta: ta fi nauyi, ba ta zamewa gefe, dabarun juya allo a iska sun fi wuya da ita. Mai koyo bai kai nan ba tukuna. In tayar ta wuce 56, a sa ɗan faifan roba tsakanin ƙafa da falanki, in ba haka ba wurin juyawa tayar za ta taɓo katakon ta kafe. Kuma faɗin ƙafa ya yi daidai da faɗin falanki. Falanki inci 8 yana tafiya da Independent mai lamba 139. Wannan shi ne kuskuren da masu haɗa kaya daga wurare daban-daban suka fi yi.

Sai yanayi. Hunturu ƙura yake cusa wa boris har ya fara kuka. Damina kuma maƙiyiyar katako ce da ƙarfe duka: ruwa ya ratsa gam, boris ya yi tsatsa. Ranar wasan ta duniya 21 ga Yuni ce, wadda a wurinmu ta faɗo tsakiyar ruwa, sai a duba sama kafin a fita. Kada a bar allo a rana ko a jingine a bangon da ke jiƙa.

A nan ne garinmu ya ba ni mamaki, don ashe rabin shagon allon sulu yana warwatse a cikinsa, ba a dai haɗa shi wuri ɗaya ba. Boris ɗin allo lamba 608 ne, rami milimita 8, faɗi 22, kauri 7, irin wanda ke cikin ƙananan injina da yawa. Na cire ɗaya na kai wa mai kayan gyaran injin, ya juya shi a tafin hannu, bai ce komai ba ya jawo kwali. "Alhaji, guda nawa?" Nasa cike suke da giris, ba su kai na shago saurin juyawa ba, amma sun fi jure ƙura, kuma in sun mutu ba sai ka jira motar Legas ba. Wanda ya fara kuka, a ɓalle murfinsa a wanke da kananzir, a shanya, a ɗiga masa man keken ɗinki digo biyu. Notin taya sifana 13 ke kwance shi, na ƙusar tsakiya 14, na ƙananan ƙusoshi 10, duk mai gyaran babur yana da su. Takalmi kuma kada a sayi sabo, domin baƙar takardar nan cin gefen takalmi take kamar gara. Na gwanjo mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, na fata mai gashi-gashi ya fi na yadi daɗewa, in ya huje shumeka ya ɗora masa faci. Hular kwano da makarin gwiwa su ma gwanjo na kawo su, kuma uwar yaron ba ta yarda ya sake hawa ba sai da ta gan su a jikinsa.

In uba ne kai ko kawu irina, yaron ya kai shekara tara ko goma, kuma ka ga da gaske yake, ka daure ka tara kuɗin ka sayi haɗaɗɗe daga shagon 'yan wasan, ka gaya musu gaskiyar hanyarku. Sau ɗaya za ka ji zafin. Bayan nan falanki kawai za a riƙa sauyawa, ƙafafun suna nan. Ɗalibin da ke Samaru ko Kongo wanda abin hawa yake so daga ɗaki zuwa aji, ba dabara ba, gwanjo da taya mai laushi sun ishe shi, ko da falankin ya gaji. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya bi ta tsakiya: ƙafafu daga gwanjo, boris daga Sabon Gari, falanki marar zane da taya daga shago. Ya fi ɗaukar lokaci, amma zai ƙare da allon da ya san kowane noti nasa. Intanet a bar ta sai an yi wata shida ana hawa, an san me ake nema.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai shi ne babban titi. Hanyar Kwangila zuwa Samaru ta tireloli ce da 'yan acaɓa, kuma ɗabi'ar nan ta kama bayan a-daidaita-sahu da wasu masu takalmin taya ke yi, na gaya wa yaron ranar da na ji labarin ya gwada, ranar allon zai koma ɗakina. Filin ƙwallon kwando in ba a wasa, harabar makaranta ranar hutu, daɓen da ba a shanya a kai, duk suna yi, in an nemi izinin masu wurin da ladabi. Gaisuwa tana buɗe ƙofar da tsallake katanga ke rufewa.

Bencin shagon nan da na ce ba zan zauna a kai ba, shi ma ya fara samuwa ba da shirina ba. Akwai wani mai gyaran keke a bakin layinsu, dattijo, wurinsa yaron ke zuwa aron sifana. Da farko kallon abin yake kamar shirme. Yanzu shi ke gane bushin ya fashe tun kafin a faɗa masa, daga yadda allon ke karkata in an ajiye shi. Yara biyar ne ke taruwa a rumfarsa bayan la'asar, alluna biyu kacal a tsakaninsu, ana karɓa-karɓa. Ya ware wani tsohon gwangwanin fenti yana tara musu notoci da boris ɗin da aka cire, ƙafafun gwanjon da na samo ma a can suka ƙare, a ƙarƙashin falankin kafintan nan, wani yaro daga Gyallesu yana koyo a kai. Sun fara adashe don su yi odar falanki biyu a kwali ɗaya, kuɗin mota ya zo da sauƙi.

Jiya na bi ta wurin da yamma. An kwantar da gwangwanin madara a kan siminti, ɗan ƙanwata ya taho, ya duƙa, ya buga wutsiya, tayoyin baya suka taɓa gwangwanin ya gangara cikin kwata. Dattijon bai ɗago daga tayar keken da yake liƙewa ba.

"Ƙafarka ta gaba ce ba ka ja ba," in ji shi. "Ɗauko gwangwanin ka sake."